«Criblage» na tsutsar ciki: tankaɗe ne ko tantancewa?

'Yan uwa masu fassarar shirin lafiya a gidajen rediyon Yamai, ga wata magana ta Faransanci da ta tsaya mana a wuya: criblage par imagerie automatisée. Hanya ce ta neman sabon maganin tsutsa. Kafin kowa ya jefo tasa kalmar, ga yadda aikin yake.

Faranti ne na roba, bai wuce tafin hannu ba, mai 'yan ramuka 96, wani ma 384. Kowane rami a zuba masa tsutsotsi masu rai, a ɗiga masa sinadari daban. Kyamara na ɗaukar hoto bi da bi, kwamfuta na gwada na yanzu da na ɗazu. Ramin da tsutsa ke mutsu-mutsu, hotunansa za su bambanta. Wanda ta sandare a ciki, hoto ɗaya ne ke ta maimaituwa, to wannan sinadarin sai a ware shi. A da mutum ne ke duƙawa kan madubin likita yana ba kowane rami maki, kuma idon da ya wuni yana kallo ba ya hukunci irin na safe. Sau da yawa da C. elegans ake farawa, wata tsutsar ƙasa mai tsawon milimita 1 wadda ba ta cutar da mutum, sannan a koma kan tsutsotsi masu cutarwa.

Kada a ce wannan hidimar Turawa ce. Tsargiya tana nan a gonakin shinkafa na bakin kogi, kuma kusan magani ɗaya ake dogaro da shi, praziquantel, wanda aka samo tun shekarun 1970, ga shi ba ya kama tsutsar sosai tana ƙarama. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da makantar kogi, amma maganin ivermectin da aka yi ta rabawa 'ya'yan tsutsar da ke kawo cutar yake kashewa, uwar kuwa takan haura shekara 10 a jiki. Dole a nemi sabbin magunguna, dole mu iya faɗin yadda ake nemansu.

Wani ƙanena ya kawo «gani-har-hanji». Ƙane, wannan ta riga ta yi aure, hoton cikin jikin majiyyaci take nufi. Ka faɗe ta a rediyo, gobe wani ya je likita a duba masa tsutsa da ita.

Hajiya, babbar yayarmu a aikin, ta ce «tantance magani ta na'ura». Hajiya, ba ƙarya a ciki, sai dai tantancewa ta gaji. Da ita ake tantance 'yan takara, da ita ake tantance maniyyata, mai sauraro zai zaci magungunan kanti ake bincikawa ko jabu ne.

Ni «tankaɗe» nake so. Crible ɗin nasu ma rariya ce. Ana zuba dubban sinadarai, galibinsu su zube, 'yan kaɗan su tsaya a sama. Wani malami ya yi mini dariya, wai a gidansu garin da ya zube ake tuƙa tuwo da shi, tsakin da ya tsaya na kaji ne. Gaskiyarka Malam, a nan kam tsakin ake nema, kuma shi ma sai an sake gwada shi a kan dabba kafin a kira shi magani.

Na fara cewa «tankaɗen hoto», aka nuna mini kamar hotunan ake tankaɗewa. Saboda haka na tsaya kan «tankaɗe da hoto». Ku gwada a baki: «Masana sun yi tankaɗe da hoto, sun ware sinadarai uku masu sandarar da tsutsar tsargiya.» Mutanen Tawa da Konni, idan kunnenku ya ƙi ta, ku kawo wadda ta fi ta kafin shirin Asabar.