Zanen tawadar Japan ya canza min hannu

Mai Buroshi: 'Yan'uwa, wata shida ke nan ina koyon sumi-e, zanen baƙar tawada na Japan. Yanzu ko fuska zan zana, sai in bar rabin takarda fari fat. Da kuwa cika ta nake da kala. Salona ne wannan, ko aro?

'Yar Zariya: Naka ne mana. Tawadar ba ta goguwa, in ta ɗiga a washi, takardar gargajiya ta Japan, ta zauna ke nan. Dole ka yanke shawara kafin hannu ya sauka. Ni ganyen gora na yi ta zanawa har na ƙosa.

Baba Tsoho: Ɗana, Sesshu ma, shahararren mai zanen tawada na Japan, sai da ya je Sin ƙaro sani, ya dawo a 1469. Ka riƙa niƙa tawadarka a dutse da kanka, kunkunniya ce da danƙo, kusan irin tamu ta allo.