Batirin tsohon babur da zafin Jidda: yaya kuke yi?

Ɗan Karantina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Honda mai batir bolt 6, irin na ruwa. Da bazara ta shigo sai hon ya shaƙe, fitila ta yi ja. Masu irin wannan babur a Saudiyya, me kuka gani?

Kawu na Makka: Wa alaikumus salam ɗana. Fara da leƙa ruwan. Zafin nan na sama da digiri 40 shi ke ƙafar da shi, kuma da zarar farantan ciki sun fito fili sun bushe, batir ya tafi. Ni duk Juma'a nake dubawa, in ƙara tataccen ruwa har layin sama. Ruwa kawai, ban da asid, don asid ɗin yana nan, ruwan ne ke tashi. Na famfo kuwa kada ka kuskura.

Mai Vespa: Ni abin da ya ci nawa caji ne. Wani mai gyara ya jona shi a cajar mota, wai ya yi sauri, kafin in dawo daga La'asar ya yi zafi ya kumbura. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: batir mai 6Ah a ba shi amfa 0.6, ya yi kamar awa 10. A sassauta murafen, a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da sigari, saboda iskar da yake fitarwa tana kama wuta. In ya huta bayan caji, mita ta nuna wajen bolt 6.3. Kuma a tabbata cajar tana da bolt 6, yawancin na kasuwa 12 ne.

Ɗan Karantina: Kawu, ruwan da ke ɗiga daga esi fa? Abokan aikina shi suke zubawa.

Kawu na Makka: Ya fi na famfo, amma ya bi ta ƙura da ƙarfe. Kwalbar tatacce riyal nawa ce? Saya kawai.

Bakaniken Sharar Mansur: Alhaji, akwai abin da ba a faɗa ba. Da yawa daga tsofaffin Honda ɗin nan ba su da abin daidaita wuta, batirin ne ke shanye rarar. Shi ya sa doguwar tafiya ke dafa ruwan, kuma in batir ya mutu aka ci gaba da tayarwa da kik, kwan fitila ke ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. An kawo min irinsu, mai shi na ta zagin kwan.

Mai Vespa: Farin garin da ke taruwa a kan batir, jiƙaƙƙiyar kanwa nake goge shi da ita, in shafa basilin. Amma kada ta shiga ciki, tana kashe asid.

Kawu na Makka: In za ka gida hutu, cire batirin, wayar da ke jikin bodi ita ce farko. Ajiye a ɗaki mai sanyi, ka bar wa wani ya riƙa ba shi caji duk wata.