Musayar Waƙa: Wa Ya Fara Rigakafin Agana?

Malamin Tarihi:

Da sunan Allah wanda Ya saukar da cuta da magani
Nake buɗe fage, 'yan'uwa, ku matso mu yi magana.

A shekarar 1796 wani likita a ƙasar Ingila,
Edward Jenner, ya duƙufa kan nazarin cutar agana.

Ya ji ana cewa mata masu tatsar nonon shanu,
In ƙurjin saniya ya kama su, agana ba ta yi musu ɓarna.

Ya ɗebo ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsa,
Ya tsaga damtsen yaro, James Phipps shi ne suna.

Bayan makonni ya sa masa aganar kanta, bai kamu ba,
Saboda haka shi ne uban rigakafi a ra'ayina.

Hajiya Ungozoma:

Malam, a gafarce ni, ban ƙi Jenner ba ko kaɗan,
Amma ka fara daga tsakiya, akwai tushen da zan tona.

Tun kafin a haife shi, a Sin da Indiya da Turkiyya
Da wasu sassan Afirka an san dabarar tarbar agana.

Wasu su shaƙi garin ɓawon ƙurji, wasu su tsaga fata
Su shafa mugunya kaɗan, a yi jinya ta 'yan kwana.

A Boston wani bawa da aka sato daga Afirka, Onesimus,
Ya faɗa wa ubangidansa Cotton Mather yadda ake yi, har tabo ya nuna.

Da annoba ta faɗa wa garin a 1721 aka gwada,
Aka ga amfani, amma yau wa ke kiran bawan da suna?

Ɗalibin Likitanci:

Baba Malam da Hajiya, ku bar ɗanku ya sa baki,
Domin bambancin dabarun biyu ya kamata mu auna.

A tsohuwar hanya aganar gaske ake sa wa mutum,
Kusan biyu cikin ɗari sukan mutu, kuma ana shafa wa juna.

Duk da haka ta fi zama haka, don in cutar ta zo da kanta
Takan kashe uku cikin goma, ta bar saura da zanzana.

Jenner ya kawo 'yar'uwar cutar, wadda ba ta kisa,
Ta nuna wa garkuwar jiki abokin gabar da za ta tuna.

Sai Louis Pasteur a Faransa, wanda a shekarar 1885
Ya samu ƙwayar haukan kare, da dabara ya raunana.

Ya yi wa Joseph Meister, yaron da kare ya yayyaga,
Allura bayan allura, har ya hana cutar bayyana.

Malamin Tarihi:

Yaro, ka yi adalci. Hajiya, ina nan kan bakana,
Amma tunda kin kawo Afirka, ga ƙari daga littafina.

Rigakafin shawara da Max Theiler ya kammala a 1937,
Asalin ƙwayarsa jinin Asibi ne, wani mutumin Gana.

Ita agana kuwa, a gabashin Nijeriya a ƙarshen 1966
Allura ta yi ƙaranci, sai likita William Foege ya zauna,

Ya tsara a nemo mai cutar, a yi wa na kewaye da shi lamba,
Da haka aka bi ta ana ƙure ta gida-gida, gona-gona.

Na ƙarshe da ta kama cikin jama'a ɗan Somaliya ne a 1977,
A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da agana.

Ɗan'uwa daga Damagaram:

Gaisuwa ga manya, ku ba ni fili kaɗan in ce wani abu,
Mu nan sanƙarau muka fi sani, mai zuwa da zafin rana.

Allurar MenAfriVac da aka haɗa a Indiya dominmu,
A 2010 ta shigo Nijar da Mali da Burkina.

Tun daga nan nau'in A ya kusa ɓacewa a yankinmu,
Ko da yake sauran nau'o'in har yau suna tayar da fitina.

Hajiya Ungozoma:

To, mai karatun likita, ga tambaya ta rage gare ka
Kan BCG, allurar tarin fuka da muke yi wa jarirai kafin ranar suna.

Calmette da Guérin suka fara ba da ita tun 1921,
Tana tsare yara, amma tarin fuka na cin manya, abin da ƙuna.

Shekara ɗari ta wuce ba a samu wadda ta gaje ta ba,
Me ya tsare masana? Ina jiran amsa da baiti, ɗana.