Da me ya kamata a riƙa wanke kayan inji a ƙaramin gareji?

Sabon Gareji ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu a sana'a. Shawara nake nema kan wankin kayan inji a ƙaramin gareji na mutum uku, inda ake gyaran babura, janareto da ƙananan motoci. Abin da ake yi yanzu shi ne a zuba fetur a daro, a ɗauko tsohon burushi a hau guga. Datti na fita, amma wari ya yi yawa, fatar hannu na tsagewa, ga wurin walda bai fi taku goma da wurin wankin ba. Me zai maye gurbin fetur? Tankin wanki mai famfo ya cancanci a saye shi, ko daro ya isa? Sannan na'urar nan da ke wanke kafireto da girgizar sauti a cikin ruwa, aiki take yi da gaske ko ado ce? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka janye fetur daga wurin wanki tun yau. Kowane mai yana da matakin zafin da yake fara fitar da tururin da wuta za ta iya kamawa. Na fetur yana wajen digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato babu ranar da daron nan ba ya fitar da tururi mai kamawa. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya kwanta a ramin duba mota ko ya gangara har inda tartsatsin walda ke faɗowa. Taku goma ba nisa ba ne a wurinsa. Ga kuma sinadarin benzin da ke cikin fetur, wanda yawan shaƙarsa ke jawo sankarar jini.

Kananzir sai ya kai digiri 38 zuwa sama kafin ya yi irin wannan tururin, man dizal kuma sama da 50. Kananzir ne zaɓina: yana narkar da giris da baƙin mai, yana barin ɗan maiƙo siriri da ke hana ƙarfe tsatsa na ɗan lokaci. Dizal ma yana wanki, sai dai ba ya bushewa, ƙura na manne masa. Idan akwai hali, akwai man wanki na musamman da ake sayarwa don tanki, a jikin durom za ka ga an rubuta matakin kamawarsa, ka nemi mai digiri 60 ko fiye. Amma ka lura, kananzir ma wuta yake ci, musamman in rana ta dafa tankin ko an fesa shi da iska ya zama feshi.

Batun tanki, eh, ya cancanta. Mai lita 75 shi ne daidai da ƙaramin wuri, kuma ba cika shi ake yi ba, lita 40 zuwa 45 ya isa famfo ya nutse. Abin da za ka duba kafin ka biya: na farko, famfon na mai ne ko na ruwa? Da yawa daga cikin masu araha an yi su ne don ruwan sabulu kawai, in ka zuba kananzir robobin famfon su kumbura, ya fara yoyo ko ya tsaya. Na biyu, murfin ƙarfe mai ɗan mahaɗin da ke narkewa a wajen digiri 74, wanda in wuta ta tashi zai saki murfin ya rufe da kansa. Kada a ɗaure murfin da waya don ya daina faɗowa, an kashe amfaninsa ke nan. Sai faranti mai huji-huji da ke riƙe kaya sama da laka, da toshiyar zubarwa a ƙasa.

Abin da ke sa mai ya daɗe ba tsadar tanki ba ne, tsari ne. Kankare lakar giris da ƙarfe mai faɗi ko guntun katako, ka share da tsumma, kafin kaya su ga mai. Wankin farko a bokitin tsohon kananzir, na biyu a tanki. In ka haɗa filtar man inji a kan bututun da ke fitowa daga famfo, za ta tare ɓarɓashin ƙarfe, ba zai dawo kan abin da kake wankewa ba. Ƙananan kaya irin su noti, wasa da kilif a zuba su a kwandon waya, don laluben su a cikin baƙar laka ɓata lokaci ne.

Boris kuma, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa abu juyawa, in ka wanke shi kada ka juya shi da iskar kwamfireso don jin ƙarar nan. Babu maiƙo a cikinsa a lokacin, yana gogar kansa, kuma yana iya tarwatsewa a hannu. Mai murfin roba, wanda ake rubuta 2RS a lambarsa, ba a jiƙa shi sam, don mai zai shiga ya narkar da giris ɗin ciki, ba ka da hanyar mayarwa.

Mai Walda ya amsa:

Malam Tsohon Hannu ya gama magana kan fetur. Ni abin da ya tsaya mini shi ne waldar da ka ambata. Feshin wanke birki na gwangwani iri biyu ne. Akwai mai sinadarin kilorin, wanda ba ya kamawa da wuta, shi ya sa mutane ke ɗauka ba shi da haɗari. To, in ragowarsa ko tururinsa ya haɗu da zafin walda, yana rikiɗewa ya fitar da iskar fosjin, gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kaɗan daga cikinta ya isa ya lalata huhu, kuma alamun kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. Duk ƙarfen da za a yi wa walda, a goge shi da asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa da kama wuta, a bari ya bushe sarai, a kawar da gwangwanin da tsumman daga wurin kafin a kunna. Ɗaya irin, marar kilorin, shi kuma yana kamawa kusan kamar fetur. Karanta jikin gwangwani kafin ka saya.

Na biyu, roba. Robobin cikin birki masu aiki da man birki mai lambar DOT 3 ko DOT 4 ana yin su ne da roba irin EPDM, ita kuma ba ta ga maciji da duk wani mai da aka tace daga ɗanyen man fetur. Ka jefa ɗaya a kananzir ka dawo daga baya, za ka same ta ta kumbura, ta yi laushi, ta ƙi komawa raminta. Wadda aka tura da ƙarfi a haka, ita ce ke sa birki ya riƙe ko ya tafi ƙasa. Kayan cikin birki da sabon man birki ake wanke su, ko da sifirit mai tsabta. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da asiton kuwa suna cin fenti da yawancin filastik, a ajiye su don ƙarfe tsirara.

Safar hannu ta naitiril ce ke jure kananzir da dizal, ta latas mai laushin nan narkewa take yi. Tsagewar fatar da kake gani, mai ne ke kwashe maiƙon fata. Tsumma mai mai kuma a durom na ƙarfe mai murfi, ba a tara shi a lungu ba.

Mai Kafireto ya amsa:

Na'urar girgizar sauti ba ado ba ce, amma ba ita ce abin saye na farko ba, kuma ba ta maye gurbin tanki. Aikinta shi ne shiga inda burushi ba ya kaiwa: ramukan kafireto, jet, nozul. Tana girgiza ruwa sau dubu 40 a daƙiƙa, ƙananan kumfa su yi ta tasowa suna fashewa a jikin ƙarfe, su ɓamɓare datti. Giris mai kauri yana shanye wannan girgizar, don haka sai an fara wanke shi a tanki.

Mai lita 6 ta isa kafireton babur ko janareto, in ana kawo manya sai lita 10 zuwa 15, kuma ka ɗauki mai dumama ruwa. Ruwa da sabulun wanke maiƙo ake zubawa, galibi kashi ɗaya na sabulu cikin goma na ruwa, amma a bi abin da ke jikin gorar, kuma a tabbata an rubuta bai cin alminiyam. Zafi digiri 50 zuwa 60. Sabon haɗi a bar shi ya yi aiki minti 5 zuwa 10 babu kaya, iskar cikin ruwan ta fita. A warware kafireto gaba ɗaya, a cire robobi da gasket, a sa a kwando, kada kaya su zauna a gindin tankin, kada kuma a kunna ta babu ruwa. Minti 15 zuwa 20, a ɗauraye, a hura kowane rami da iska. Ba a zuba fetur ko tina a cikinta.

In kana son sanin ko na'urar na da ƙarfi tun a wurin saye, rataya takardar alminiyam siririya ta naɗe abinci a cikin ruwan na kamar minti ɗaya. Mai kyau za ta fito da ita duk ƙananan huji da tabo, ko'ina daidai. In ta fito sumul, ƙara kawai take yi.

A nan zan ɗan bambanta da Malam Tsohon Hannu: akwai wurin da kananzir ba ya aiki. Silindar da aka goge da dutse, ɓarɓashin dutsen yana maƙalewa a zanen gugar, mai ba ya ɗaga shi. Ruwan zafi da sabulu da burushi mai tauri ne ke fitar da shi. Ka wanke, ka busar, ka shafa farin ƙyalle mai ɗan man inji a ciki. In ya fito da launin toka, koma. Sai ya fito fari tas, in ba haka ba wannan ɓarɓashin ne zai cinye sabbin ringi. Ƙarfen da aka wanke da ruwa kuma cikin mintuna yake fara jan tsatsa, don haka iska da mai su biyo baya nan take.

Soda mai ƙuna, irin ta haɗa sabulu, tana cire gawayi da tsohon fenti a jikin baƙin ƙarfe, amma tana cin alminiyam da zinki, ta baƙanta su, ta rarake su, tana fitar da iskar haidurojin mai kamawa. Fistin, kafireto da murfin inji kada su kusance ta. In za a haɗa ta, sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa a kan soda ba, da tabarau a ido.

Sabon Gareji ya rubuta:

Na gode ƙwarai, manya. Na gane tanki da kananzir ne farko. To idan man ya yi baƙi fa, zubar da shi ake yi duka?

Tsohon Hannu ya amsa:

A'a. Juye shi a durom mai murfi, ka bar shi ya kwana biyu ko uku ba a taɓa ba. Laka za ta kwanta, sai ka tsiyaye na sama a hankali ta cikin ƙyalle, ya koma bokitin wankin farko. In ka ga kaya na fitowa da maiƙo mai danƙo ko da an tace, to ya ƙoshi da baƙin mai, ya gama aiki. Shi da lakar a rufe su a jarka daban, a rubuta abin da ke ciki, a miƙa wa masu karɓar tsohon mai, ba a kwata ko a ƙasa ba, don yana bin ƙasa ya kai ga ruwan sha. Kada a gauraya shi da ragowar feshin birki mai kilorin. Kafin ka zuba sabo, kwashe lakar gindin tanki da cokalin filastik, ka cire ragar bakin famfo ka wanke, don ita ce ke fara toshewa idan ka ga mai na fitowa da rauni.