Musayar Waƙa: Wa Ya Cika Kwandon Shara?

Malam Idi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Abin da na gani da safe ne ya sa ni baiti. Amsa-amo "-ra", mai iyawa ya riƙe.

Na leƙa kwando na ga abin takaici,
Abincin jiya kwance cikin shara.
Gumin goshina ne ya yi tsami,
Ƙuda na biki, ni ina asara.
Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi lissafi,
A 2024 ta faɗe shi ƙarara:
Tan biliyan ɗaya da ɗoriya aka zubar
A 2022, cikin ɗaya shekara.
Kashi 60 daga gidaje ya fito,
Kafin otal da kanti, mu muka fara.
Hajiya Binta, ku ke riƙe da ludayi,
Ku ba mu amsa, ga mu mun saurara.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam. Ai kuwa ka taɓo!

Malam Idi, ka ɗora mana laifi,
Ka mance da wanda ya je ya tara.
Ka shiga kasuwa da yunwa a ciki,
Komai ka gani ka ce a ƙara.
An ce sayi biyu a ba ka na uku,
Ka kwaso, ba ka nemi shawara.
Araha ba ta ado, in ji magabata,
Ka kawo sabo ka danne na bara.
Ganye kwana uku ya yi yaushi,
Laifin wa ne? Malam, sai ka gyara.

Kabiru:
Baba Idi, Mama Binta, a gafarce ni, "-ra" ta fi ƙarfina, na koma "-wa".

Kwanan watan da ke jikin kwali
Iri biyu ne, ba kowa ke ganewa.
Ɗaya na nufin ya fi daɗi kafin ranar,
Wucewarta ba ta nufin ruɓewa.
Duba, sansana, in lafiya lau yake,
Ci abinka, babu dalilin zubarwa.
Ɗayan cewa yake a ci kafin ranar,
Shi kam ba a wasa da wucewa.
Nama da kifi, in ranarsu ta shige,
Haƙura kawai, babu gwadawa.

Malam Idi:
Yaro, yau ka koya wa tsoho karatu. Gwangwani nawa na jefar a banza, Allah kaɗai ya sani.

Inna Rabi:
Binta 'yata, bar ni in faɗi namu,
Gaskiya ce, ko da tana da ɗaci.
Mu biyar ne, mu dafa na goma,
Tsoron a ce girkinmu ya yi ƙaranci.
Mu cika wa yaro faranti maƙil,
Loma uku ya ture ya tafi barci.
Zuba masa kaɗan, in ya so ya ƙara,
Na tukunya dai gobe ma a ci.
Na faranti an riga an jagwalgwala,
Ko ka ajiye shi, babu mai ci.
Dafaffe kar ya wuce awa 2 a waje,
A rufe, a kai firji kan lokaci.
Sanyin ya zam ƙasa da digiri 5,
Tsoho a gaba, sabo a baya, shi ne adalci.
Ayaba da tuffa iskarsu na nunar da na kusa,
Kar ganye ya zame musu maƙwabci.
Marar firji ya sayi na kwana biyu,
Busarwa ma dabara ce mai inganci.

Hajiya Binta:
Inna, kin tona mana asiri gaban maza!

Kabiru:
Rahoton da Baba ya kawo ya ƙara:
Kilo 79 ne rabon kowa,
A shekara, daga gida zuwa juji,
A 2022 mutum har miliyan 783 sun yi fama da yunwa.
In abinci ya ruɓe a juji, iska ke tashi,
Zafin duniya ne take ƙarawa.

Malam Idi:
To na ji, Hajiya, na ɗau alkawari,
Ba ni kasuwa sai na rubuta na tsara.
Sai na ci na ƙoshi kafin in fita,
Ragowar jiya ma ni zan fara.

Hajiya Binta:
Malam, an rubuta, ga Inna shaida.
Ran da ka yamutsa fuska ga ɗumame,
Nan uwargida za ta kawo ƙara.