Ƙwallon bangon ɗaliban Kwalejin Katsina: za a iya gina filinta a makarantar ƙauye?

Malamin Wasanni, Garko:
Assalamu alaikum. Dattawa kan ba da labarin wata ƙwallo da ɗaliban Kwalejin Katsina ke bugawa a bango da tafin hannu, wai har Sardauna gwaninta ne. Yaya ake yin ta, kuma me ake buƙata idan makarantar da ba ta da faɗin fili na son ginawa?

Tsohon Hedimasta, Ringim:
Wa'alaikumus salam, Malam. Fayibs ake ce mata. Asalinta makarantar Iton ce ta Ingila, inda yara ke buga ƙwallo a lungun bangon cocin makarantar, shi ya sa filin yake da matakala da wani dungu a gefe. Malaman makaranta Turawa ne suka kawo ta Arewa cikin shekarun 1920.

Ita kwalejin, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922 don horar da malamai, karatun shekara biyar, ɗalibai na kwana a ginin ƙasa. Ahmadu Bello ya gama a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933. Ana kurket ma, amma kurket sai da sanduna da ƙaton fili, fayibs kuwa bango da ƙwallo kawai, don haka ita ta bi tsofaffin ɗalibai zuwa garuruwansu. An mai da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu. Ƙwallon ta bugi bangon gaba sama da layi, kuma a mayar da ita kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Masu sako ƙwallo ne kaɗai ke cin maki. In sun ɓarar, sai sakowa ta fita hannunsu. Wanda ya riga kai 12 ya ci.

Birkila daga Gumel:
Ranka ya daɗe, bari in ɗora da na gini. Bango uku ne, baya a buɗe. Faɗi ƙafa 14, tsawo wajen 25: ƙafa 10 na gaba a ɗage da kamar inci 5, sauran 15 a ƙasa. Layin bangon gaba ƙafa 4 da rabi daga daɓe. Dungun yana fitowa daga bangon hagu, daidai bakin matakalar.

Bulo mai inci 9 za a sa, a cika raminsa da kankare. Bulo mai holoƙo yana shanye ƙarfin ƙwallo, ka buga ka ji "buf" ta faɗo gabanka kamar tsumma. Dungun kuma a saƙa shi cikin bango tun daga tushe. Wanda aka liƙa daga baya, damina biyu ya rabu.

Filasta: kwano ɗaya na siminti, uku na yashi mai laushi da aka tankaɗe. A goge ta yi sumul, a riƙa ba ta ruwa safe da yamma kwana bakwai. Kada a yi ta cikin hunturu in da hali, iska na busar da ita kafin ta kama, sai tsaga kamar gidan gizo. Daɓen ya ɗan gangara baya don ruwa ya fice, in ba haka ba gansakuka ta fito, yaro ya zame ya ci da haƙori.

Alƙalin Wasa, Kazaure:
Duk daidai. Sai dai kada bangon gaba ya kasance yamma. Bayan la'asar ake wasa, rana za ta riƙa dukan idon yara duk lokacin da ƙwallo ta yi sama. A sa shi arewa.

Batun ƙwallo, ta Ingila ƙarama ce mai tauri, ta ɗan fi ta golf girma, dole sai da safar hannu mai kauri. A nan ta tanis aka saba da ita tun zamanin bangon ƙasa, don mai taurin tana gutsurar bango. Ta tanis ta fi tsalle, saboda haka wasanmu ya fi nasu gudu. Sababbin shiga su fara da hannun da ba su saba da shi ba minti goma kullum. Wanda ya dogara da dama kaɗai, lungun hagu ake aika masa ƙwallo har a cinye shi.

Malamin Wasanni, Garko:
Na gode ƙwarai. Malam Birkila, tushen zai kai zurfin ƙafa nawa a ƙasa mai yashi?