Neman shawara kan hannun jarin manyan kantuna

Baban Ilham: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Na ɗauki kuɗin adashina, kuma ina so in saka wani kaso a hannun jari. Hankalina ya karkata ga manyan kantunan sayar da kayan masarufi, domin kowane irin hali aka shiga, dole mutum ya ci abinci ya kuma sayi sabulu. Abin da ke sa ni jinkiri shi ne yadda cefanen gidana ya sauya: da can a kanti muke yin sayayyar wata gaba ɗaya, yanzu kuwa uwargida ta koma Singa da Dawanau, ragowar kuma a shagon unguwa. Wane kamfani za ku ba ni shawara in saya?

Akanta: Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin a zo ga zaɓen kamfani, ya kamata ka san cewa kantunan da muke shiga, irin su Sahad da Jifatu da Spar, ba sa cikin kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu a kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wato NGX, domin mallakar masu su ne. Shoprite Holdings kuwa a kasuwar Johannesburg yake, kuma tun 2021 ya sayar da kantunansa na Najeriya ga wani kamfanin cikin gida mai suna Ketron. Saboda haka wanda ya sayi hannun jarinsa yau, ribarsa ta rataya ne a kan masu sayayya na Afirka ta Kudu da kuma darajar kuɗin Rand, ba a kan cefanen mutanen Kano ba.

Maman Walida: Reshen Shoprite na Ado Bayero Mall ma an rufe shi tun watan Janairun 2024, bayan kusan shekara goma da buɗewa.

Kawu na Hotoro: Baban Ilham, tunda kantunan gida ba sa kasuwar hannayen jari, na san abin da zai biyo baya, wani zai zo maka da tayin ka shigo da kuɗi cikin kantinsa a raba riba. A kan wannan nake so in ja kunnenka, domin ni an yi mini irin wannan tayin kuma na karɓa. Kanti ne babba mai hawa biyu, da firji jere, da yara sanye da kayan aiki iri ɗaya, mai shi kuma mutum ne da muke sallah a masallaci ɗaya. A watannin farko ana kawo mana rabonmu ba tare da mun nema ba. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, sannan aka saki naira a watan Yuni, lissafin ya birkice ta inda ba mu zata ba. Kantin bai rasa masu saye nan take ba, ciniki ana yi, amma katan ɗin madarar da aka sayar a wannan makon, idan aka koma sari a mako mai zuwa, kuɗin da aka sayar da shi ba ya isa a mayar da madadinsa. A takarda riba ake gani, a kan kanta kuwa kaya raguwa suke. Ga dizal na janareto wanda ba a isa a kashe shi ba saboda nama da kaji da yogot, ga kuɗin haya, ga albashin yara, sannan diloli suka daina ba da kaya bashi, suka ce sai kuɗi hannu. Daga nan ne magidanta suka fara janyewa, wanda ke ɗaukar babban gwangwani ya koma 'yar leda, 'yar leda kuwa ba ta kai mutum babban kanti, a bakin layinsu zai saya. Ranar da na nemi a nuna mini littafin shige da fice, sai ya zama abin ɓacin rai, wai ban yarda da shi ba. Da aka rufe kantin, diloli da mai gidan haya ne suka fara kwasar abin da ya rage, mu masu jari muka zo ƙarshe, kuma babu sunan ko ɗayanmu a takardun rajistar kamfanin a hukumar CAC. Har yau uwar kuɗina ba ta dawo ba, zumuncin ma ya yi rauni. Idan wani ya kawo maka irin wannan tayi, ka nemi a sa sunanka a rajista, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a kuma amince wani akanta na waje ya riƙa duba littafi. Wanda ya ƙi waɗannan ukun, ka riƙe kuɗinka.

Baban Ilham: Allah Ya mayar maka da alheri, Kawu. Wallahi an riga an yi mini irin wannan maganar a makon jiya.

Ɗan'uwanku a Ingila: Amin. Ko a nan inda kantunan ke kasuwar hannayen jari, sana'a ce mai ƙaramar riba, abin da ke saura wa kanti a cikin kowace fam ɗari ta ciniki bai cika wuce fam uku ko huɗu ba, don haka ɗan kuskure kaɗan ke cinye ta. A 2014 Tesco, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, ya bayyana cewa an kumbura ribar da ya sanar da kimanin fam miliyan 250, hannun jarinsa ya faɗi warwas, har shahararren mai zuba jari na Amurka Warren Buffett ya amsa cewa shigarsa kamfanin babban kuskure ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka fi cin moriyar sauyin halin masu sayayya su ne Aldi da Lidl, kantunan rahusa na Jamus, kuma dukansu biyun ba a sayar da hannun jarinsu ga jama'a. Morrisons ma wani kamfanin zuba jari na Amurka ya saye shi a 2021, ya fita daga kasuwar. Sai mutum ya hango daidai inda jama'a suka nufa, amma ya tarar babu ƙofar shiga.

Alhaji na Singa: Ni dai ban yarda talauci ne kaɗai ya kori manyan kantuna ba. Mutumin Kano yana son ya taya, a yi masa ragi, ya ga an tsoma kwano a buhu a gabansa, idan wata ya yi nisa kuma mai shago ya rubuta masa a littafin bashi. Kantin da farashi ke manne a jikin kaya ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maman Walida: Alhaji, da al'ada ce kawai, da ba mu cika Sahad da sauran kantuna ba idan azumi ya gabato. Mu da ke riƙe da tukunya mun san kuɗi ne ya gaza. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, albashi kuwa bai motsa haka ba.

Alhaji na Singa: Hajiya, sayayyar azumi ta wata ɗaya ce, kanti kuwa wata goma sha biyu yake biyan haya. Ki zo Singa ranar Litinin ki ga masu shagunan unguwa da ke sarin katan-katan, yawancinsu yanzu ta waya suke turo kuɗi, a ɗora kaya a a-daidaita-sahu a kai musu.

Maman Walida: To ai maganata ka tabbatar, ranka ya daɗe. Suna sarin ne domin mu muka koma wurinsu muna saye kaɗan-kaɗan.

Akanta: Gardamar nan taku ita ke nuna inda ya dace a duba. Ko a kanti aka saya ko a shago, sukarin da gishirin da taliyar daga masana'antu ƙalilan suke fitowa, kuma da yawansu suna NGX: Dangote Sugar, NASCON, BUA Foods wanda ya shiga kasuwar a Janairun 2022, Nestlé Nigeria, Unilever Nigeria da Cadbury Nigeria. Amma kada a ɗauka tabbas ne. Nestlé Nigeria da Dangote Sugar duk sun tafka asara a 2023 duk da cewa cinikinsu ya ƙaru, saboda bashin da ke kansu na dala ne, da naira ta faɗi sai bashin ya kumbura. Wanda zai saya ya karanta rahoton shekara, ya duba yawan bashin kuɗin waje da kuma kason kayan sarrafawa da ake shigowa da su. Ya bi ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan cinikin hannayen jari, ya tabbatar an buɗe masa asusun ajiyar hannun jari na CSCS da sunansa, ya kuma san ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga rabon riba kafin ya iso hannunsa.

Malam Liman: Akwai abin da ba a taɓo ba. Kantunan waje da ake ambata suna sayar da giya da naman alade da tikitin caca, kuma da yawansu suna ɗauke da bashi mai ruwa. Ma'aunin da AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta shimfiɗa shi ne kada abin da kamfani ke samu ta haramtacciyar hanya ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, kuma mai hannun jari ya fitar da wannan kason daga ribarsa ya bayar. A gida akwai jerin NGX Lotus Islamic Index wanda ake tace kamfanoni da irin wannan ma'auni, ana iya farawa daga nan.

Kawu na Hotoro: Allah Ya gafarta Malam, ni raina bai kwanta da kashi biyar ɗin ba. Idan abu haramun ne, kaɗan ɗinsa ma ina gudunsa.

Malam Liman: Akwai malaman da ke kan ra'ayinka, Kawu, kuma wanda ya bar shi don tsantseni bai yi laifi ba. Waɗanda suka yi rangwame sun duba ne cewa da wuya a sami babban kamfani a yau wanda ba ya hulɗa da bankin da ke ba da ruwa. Sai dai na fi son mu zauna a kan wannan mas'ala da littattafai a gaba.

Maman Walida: Tunda an zo maganar sari, mu gida huɗu ne a layinmu muke haɗa kuɗi duk lokacin kaka mu sayi masara da wake da gero a Dawanau, a raba da kwano, kuma sauƙin da muke samu a kan farashin shago ba kaɗan ba ne. Bana muna so mu ƙara da man girki da sukari da taliya. Alhaji, katan nawa ne mafi ƙaranci da dila zai yarda ya ba mu a farashin sari?

Alhaji na Singa: Ya danganta da kayan, Hajiya, taliya ta fi man girki sauƙin samun ragi. Ki rubuto mini adadin da kowane gida ke buƙata a wata, zan tambayi diloli biyu ko uku in kawo miki farashin kowannensu kafin Juma'a.

Baban Ilham: Idan da hali a sa gidana a cikin lissafin, Hajiya, mu zama gida biyar.